David Gill: Mai Gyaran Agogon da Ya Ɗauki Hoton Taurari

A wannan makon mun kawo muku tarihin wani mutum da ya ari kyamara, ya ƙare da ƙirga taurari kusan rabin miliyan.

An haifi David Gill ranar 12 ga Yuni, 1843, a garin Abadin na ƙasar Sikotilan. Mahaifinsa sana'ar agogo yake yi, shi ma ita ya gada. Da rana yana shago, da dare kuma yana duban sama. A 1872 ya bar shagon ya koma aikin taurari gaba ɗaya. A 1879 aka naɗa shi shugaban gidan binciken taurari na birnin Kef, can ƙarshen Afirka ta Kudu.

A wancan lokacin malaman taurari ɗaya bayan ɗaya suke auna su da ido, ta madubin hangen nesa. Aikin yana cin shekaru, kuma taurarin kudu da yawa ba a rubuta su ba, domin yawancin gidajen binciken suna Turai ne.

A 1882 wani babban tauraro mai wutsiya ya fito. Gill ba shi da kyamarar da ta dace, sai ya ari ta wani mai ɗaukar hoto a garin. Amma akwai matsala. Hasken taurari kaɗan ne, dole a bar idon kyamara a buɗe ya daɗe. Ga shi kuma duniya tana juyawa, don haka taurarin sai su fito kamar zare. Sai ya ɗaure kyamarar a jikin madubin hangen nesa mai inji irin na agogo, wanda yake bin taurari a hankali. Wani hoton ya ci fiye da awa 2.

Da aka wanke hotunan, tauraro mai wutsiya ya fito, bayansa kuma ga taurari birjik. Nan Gill ya gane cewa da hoto za a iya yin taswirar sama duka.

Ya fara aikin a 1885. Bayan shekara 2 aka yanke masa kuɗin tallafi daga Ingila, domin wasu manya ba su yarda da hanyar ba. Bai fasa ba. Shi da matarsa Isobel suka rage kashe kuɗin gida, ya riƙa biya daga aljihunsa. Wani malami ɗan ƙasar Holan, Jacobus Kapteyn, ya ɗauki nauyin auna hotunan, ya shafe fiye da shekara 10 yana yi. Daga 1896 zuwa 1900 aka buga littafin a juzu'i 3, ɗauke da taurari 454,875. Gill ya mutu a Landan ranar 24 ga Janairu, 1914.

Wasu daga cikin taurarin da ya ɗauka muna ganinsu a nan Abare. A watan Afrilu da Mayu, bayan Isha'i da ɗan jimawa, in muka fuskanci kudu za mu ga taurari huɗu can ƙasa-ƙasa, sun yi siffar gicciye. Wanda zai gwada ɗaukarsu ya ari waya mai tsarin hoton dare, ya zaɓi daren da babu farin wata, ya nisanci fitila. Ya jingina wayar da dutse ko katanga, ya kashe filasha, kada ya taɓa ta har ta gama. Rawar hannu ita ke ɓata hoton.

Duk wanda ya samu hoto mai kyau ya kawo wa ƙungiyarmu, mu nemi izinin malami a wanke shi a liƙa a wannan allo.