Alhaji Abubakar Imam, Malamin Da Aka Ara Wata Shida

Duk inda a ke karatun Hausa, da wuya a sami wanda bai taɓa jin sunan Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce ba. Har waɗanda ba su yi boko ba, da yawa sun ji labarin Malam Zurƙe ɗan Muhamman ko na Waziri Aku a bakin 'ya'yansu da ƙannensu. Wanda ya ga yawan labarun nan sai ya zaci mai su ba shi da wata sana'a sai rubutu, ya wuni zaure da alƙalami, abinci na iske shi. Al'amarin kuwa ba haka ya ke ba. Alhaji Abubakar Imam ya shekara 70 a duniya, amma lokacin da aka keɓe masa musamman domin ya zauna ya rubuta hikaya wata shida ne tak, su ma aronsa aka yi daga wurin aikinsa.

An haife shi a Kagara cikin shekarar 1911, watau 1329 ta Hijira. Kagara tana gabas da Kwantagora, kudu da ƙasar Wasagu da Zuru, yau kuwa cikin Jihar Neja ta ke. Gidansu gidan malamai ne, asalinsu daga Barno. Ubansa Malam Shehu Usman shi ne Alƙalin Kagara, saboda haka yaron ya buɗe ido da allo da tawada, kamar yadda 'ya'yan malamai su kan yi. Yana da shekara 11 ya koma Katsina wurin wansa, Malam Bello Kagara, wanda ke koyar da Larabci da addini a Kwalejin Katsina. Can ya shiga makarantar boko. A 1927 ya wuce Kwaleji, ya fita a 1932, aka ba shi aikin koyar da Ingilishi a Makarantar Midil ta Katsina.

Malamin Midil na zamanin nan ba ya mallakar wuninsa. Makarantar kwana ce, yaran suna hannun malamai dare da rana. Da safe aji, da azahar duban littattafan yara da shirin darasin gobe, da la'asar filin wasa, bayan wannan ga tsaron ɗakunan kwana in juyi ya zo kan mutum. Ga salla cikin jam'i, ga gaisuwar manya, ga suna da jana'iza, waɗanda ɗan mutunci ba ya ƙin zuwa. Abin da ya rage wa mai son rubutu sai dare, da ranar hutu, da ɗan abin da ya iya tsakura tsakanin wannan aiki da wancan.

Yana cikin wannan hali, a 1933, Hukumar Talifi ta Zariya ta sa gasa. Shugabanta, wani Bature mai suna Rupert East, ya ga ana koya wa yara karatun boko amma babu littafin Hausa mai daɗi da za su karanta in sun iya. Sai ya bi manyan garuruwan Arewa yana tara malamai, yana roƙonsu su ƙaga labari daga kansu, su rubuta shi da tsawo har ya isa littafi. Abin bai zo da sauƙi ba. A wurin malamai rubutu na ilmi ne, na fiƙihu da tauhidi da wa'azi da tarihi. Labarin da bai auku ba kuwa tatsuniya ce, tatsuniya kuwa ta tsofaffin mata ce da yara da dare. Mutumin da ake kira malam, ya zauna ya ɓata takarda da tawada a kan abin da shi kansa ya san bai faru ba, wannan abin kunya ne ga mutane da yawa. Ɗan alƙali ya fi kowa sanin haka.

Duk da haka Malam Abubakar ya shiga, yana da shekara 22. Abin da ya taimake shi karatunsa biyu ne. Ya san Muƙamatul Hariri, littafin da malamai ke karantawa domin ƙwarewa a Larabci, wanda shi ma labaru ne na wani mai wayo da ke yawo gari gari, ana gamuwa da shi cikin kama dabam dabam. Ya san Alfu Laila. Ya kuma san irin hirar da ake yi a zaure da fada da bakin kasuwa. Ya haɗa su, ya gina labarin Alhaji Imam, wanda ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya shekara da shekaru yana yawon duniya, ko ina ya sauka sai ya tarad da Malam Zurƙe, su yi ta rama wa juna tsiya. Ko da ya ke a Katsina ya rubuta shi, a Kwantagora ya dasa tushen labarin, ƙasar da ya sani tun yana yaro. Wansa Malam Bello shi ma ya shiga gasar da littafin Ganɗoki, shi ma daga Kwantagora ya ɗauko nasa, daga yaƙin da aka yi da Nasara. Cikin littattafai biyar da aka zaɓa aka buga, biyu daga gida ɗaya suka fito. Sauran ukun su ne Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East.

Littafin bai fita yadda ya aika da shi ba. East ya duba, ya rage shi, ya zare waɗansu labaru da ya ga an ɗauko su daga littattafan da aka sani ba tare da an sarrafa su sosai ba. Saurayi mai girman kai da sai ya yi fushi ya ajiye alƙalami. Malam Abubakar ya karɓi gyara kamar yadda almajiri ke karɓar gyaran allo. East kuwa ya lura, ya ga a nan akwai wanda Hausa ke bi, wanda in ya sa mutum biyu suna gardama a takarda sai ka ce kana jin muryarsu.

Saboda haka a 1936 aka nemi izini a Katsina, aka are shi zuwa Zariya na wata shida. Wannan ne karo na fari, shi ne kuma na ƙarshe, da aka sauke masa ko wane kaya aka ce ya zauna ya ba da labari. Babu aji, babu duban littattafan yara. East ya tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da na Hindu da na Turawa, suna zama suna shawara a kan yadda a ke ɗinka labari. Cikin abin da ya koya masa har da cewa kada a bar azzalumi ko maƙaryaci ya ci riba a ƙarshen labari, komi ƙarfinsa. Cikin watannin nan shida Malam Abubakar ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, mai ɗauke da labaru wajen 80. An fara buga shi a 1937.

Wanda ya auna wannan aiki da kwanakin da aka yi shi zai gane mutumin ya san aro a ke yi, mai abu kuwa zai zo karɓa. Ba juyi kawai ya yi ba. Akun da ke hana ɗan sarki fita da daɗin labari daga littattafan Hindu da Farisa ya samo asali. Waɗansu labarun daga Kalila wa Dimna ne, waɗansu daga Alfu Laila, waɗansu daga tatsuniyoyin Jamus. Amma duk wanda ya shigo sai ya tuɓe kayan garinsu, ya sa riga da rawani. Fadar ta zama fadar Hausa, da waziri da dogarai da maroƙa. Alƙali na zaune a kan buzu, ana kawo masa ƙara. Kalala na faɗa da Kalalatu kamar maƙwabtan kowa. Ga karin magana ko ina, har ya mai da waɗansu su zama sunayen labaru. Shi ya sa mai karatu ba ya jin baƙunci, har da yawa suka ɗauka labarun kakanninsu ne.

Da wa'adi ya cika ya koma Katsina, ya ɗauki alli. Amma Zariya ba ta sake shi ba. Yana koyarwa yana rubuta Ƙaramin Sani Ƙuƙumi domin 'yan makaranta. Da Gwamnati ta ƙudura fitar da jaridar Hausa, sai aka ga babu wanda ya dace da ita sai shi. Aka nemi yardar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka ɗauke shi ɗungum. A watan Janairu na 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, shi ne editanta na Hausa.

Ga ido sai a ce ya sami abin da ya ke so, tun da yanzu rubutu ne aikinsa. Amma rubutun jarida dabam, na hikaya dabam. Jarida tana da ranar fita, ba ta jiran kowa. Cikin shekarar da aka fara ta Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, jita-jita ta cika kasuwanni, dole a bayyana wa mutane abin da ke gudana cikin Hausar da za su gane. Dole a nemo wa baƙin abubuwa suna. Ga wasiƙun masu karatu daga ko wane lardi, ko wace sai an karanta, an gyara, an amsa. Ga Turawa na duban abin da ya rubuta ta gefe guda, sarakuna ta gefe guda, samarin da suka yi boko suna ganin bai faɗi isasshe ba. Har takarda ta Ajami aka riƙa haɗawa da jaridar, mai suna 'Yar Gaskiya, domin waɗanda ba su karanta boko. Shekara 12 ya yi cikin wannan aiki, har 1951.

Daga nan kaya sai ƙaruwa. A 1943 ya tafi Ingila cikin ƙungiyar editocin Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe. Can ya gana da Lugga, ya bayyana masa abin da ke damun mutanen Arewa. Da ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. A 1951 aka zaɓe shi Majalisar Kaduna, daga nan ya tafi ta Ikko. A 1953 ya kawo shawara a Majalisa a buɗe ofishi a Jidda domin kula da alhazan Nijeriya, ya kuma yi aikin Hajji a shekarar, ya ga wahalarsu da idonsa. A 1955 aka sa shi cikin Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, a lokacin da a ke ƙoƙarin cika ofisoshi da 'yan ƙasa kafin Turawa su tafi. A Tudun Wadan Zariya kuma ya tsaya a kan kafa makarantar Nurul Huda, inda a ke haɗa karatun addini da na boko.

Cikin duk wannan bai bar rubutu ba. Ya rubuta Ikon Allah tare da East, a kan halittu da al'amuran duniya. Ya rubuta labarin Yaƙin Duniya na Biyu, da Tarihin Annabi, da na Sayyidina Abubakar, da Hajji Mabuɗin Ilmi. Amma in an duba, duk littattafai ne na koyarwa, waɗanda a ke iya rubutawa babi babi, a ajiye a tafi taro, a komo a ɗora. Doguwar hikaya ba ta yarda da haka. Tana son mutum ya kwana da mutanen cikinta, ya tashi da su. Taura biyu ba ta taunuwa. Bayan Magana Jari Ce, wanda ya gama yana da shekara 25, ya ƙara shekara 45 a duniya bai sake fitar da littafin hikaya irinsa ba.

Ba shi kaɗai wannan ya sama ba. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa bai yi wa Shaihu Umar ƙane ba, siyasa ta ɗauke shi har ya zama Firayim Minista. Malam Bello Kagara ya koma shari'a, ya yi alƙalanci, ya zama Walin Katsina. Dalili kuwa a fili ya ke. Masu ilmin zamani a Arewa 'yan kaɗan ne a lokacin, ko wane ɗaya aiki uku ke jiransa. Masu sayen littafi su ma kaɗan ne, ba wanda zai ci da iyali da ladan hikaya. Wanda ya nuna ya iya alƙalami, alƙalamin nan shi zai jawo a kira shi wani aiki.

Akwai hasara a nan, ba a musu. Ba wanda ya san irin littattafan da suka tafi tare da shi. Amma shekarun da ya ba jarida ba su faɗi banza ba. A cikinta dubban mutane suka saba da karatun Hausa, a cikinta aka daidaita yadda a ke rubuta ta, masu rubutun da suka biyo baya kuwa a kan wannan turba suka hau. Ya rage ba da labari domin ya samar wa labari masu karatu. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa saboda aikinsa. Ya kuma bar tarihin rayuwarsa da Ingilishi, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya shirya aka buga a 1989.

Ya rasu a Zariya ranar Jumma'a, 19 ga watan Yuni 1981, cikin Sha'aban na 1401. Yau ma akwai malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da matan aure da 'yan kasuwa masu labari a ka, suna jiran ranar da aiki zai sarara su zauna su rubuta. Tarihin wannan bawan Allah yana nuna ranar nan ba lalle ta zo ba, in ma ta zo gajera ce. Wata shidan da aka ba shi a Zariya ba su same shi da hannu wofi ba. Dararen Katsina ne suka jawo su, da karatun da ya tara tun yana yaro, da haƙurin karɓar gyara. Da bai rubuta Ruwan Bagaja tsakanin aji da aji ba, da ba wanda zai san akwai abin ara a wurinsa.

Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa ilmin da ya bari ya zama haske a kabarinsa, amin.