Louis Pasteur, Ɗan Majemi

Ran nan a kasuwar Minna na sayi kunun zaki, na ajiye, kafin la'asar ya yi tsami. Wannan ne ya tuna mini da wani malami na Faransa, na ga ya kamata in ba 'yan'uwana labarinsa.

An haifi Louis Pasteur a garin Dole cikin 1822. Ubansa majemi ne. Yana yaro ya fi gwaninta wajen zane. Cikin 1843 ya shiga babbar makarantar horon malamai ta Faris, watau shi ma irin hanyarmu ya biyo.

Cikin 1856, yana koyarwa a Lille, sai wani mai yin barasa ya kawo masa kuka, wai kayansa suna ta lalacewa. Pasteur ya ɗibo daga tuluna ya sa a madubin likita. A cikin mai kyau ya ga ƙwayoyin yisti kurum. A cikin mai tsami kuwa sai ga waɗansu 'yan mitsi-mitsi masu kama da sanda. Ashe masu rai ne, su ke kawo tsamin. Daga baya ya nuna in an ɗumama abin sha zafin ya kai awo 50 zuwa 60, ƙwayoyin sai su mutu. Har yau haka ake yi wa madarar kanti.

Cikin 1868 rabin jikinsa ya shanye, amma bai bar aiki ba. Ya tafi Landan cikin 1871 ya duba giyar wani kamfani, ya nuna musu ƙwayoyin, nan da nan suka sayi madubi. Cikin 1876 ya buga littafi a kan cututtukan giya. Shi ne kuma ya yi allurar haukan kare cikin 1885. Ya rasu cikin 1895.

To, bayansa masana sun gano waɗansu cikin ƙwayoyin nan sukan bar dafi a giya, ana kiransa histamin da tiramin. In ya yi yawa yakan sa ciwon kai, da ƙaiƙayi, da hawan jini, shi ya sa ake auna shi. Abin tsoro shi ne, wuta tana kashe ƙwayoyin, amma ba ta kashe dafin da suka riga suka zuba.

Kada wani ya ce ina ruwansa, shi ba ya sha. Burkutun da ake dafawa a ƙauyukan kewayenmu cikin buɗaɗɗun tukwane ake barinsa, kuma iyayen waɗansu yaranmu ne ke sha. Histamin ɗin nan kuwa yakan taru har a kifin teku da ya daɗe ba ƙanƙara.

Saboda haka, malamai, mu koya wa yara wanke ƙwarya da rufe tukunya tun farko. Dafuwar baya ba ta gyara abin da ya riga ya ɓaci.