Imam Gazali: Malamin Da Neman Suna Ya Kusa Raba Shi Da Allah

Ɗan'uwa, ka taɓa tsayawa ka tambayi kanka don wa kake ibada? Imam Gazali ya yi wa kansa wannan tambaya, amsar kuwa sai da ta kwantar da shi.

An haife shi a garin Tus, cikin Iran ta yau, a 1058. Ya yi karatu wajen Imamul Haramaini Juwaini a Naisabur. A 1091 waziri Nizamul Mulk ya ɗora shi kan koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai kusan 300 na zama gabansa.

A ido dai babu abin da ya ragu, ga salla ga karantarwa. Amma da ya binciki zuciyarsa sai ya tarar niyya ta zame sannu a hankali, ta koma neman suna da matsayi. A 1095 ya shafe kusan wata shida yana jan ƙafa, har harshensa ya ƙulle, darasi ya gagara, abinci ma ya ƙi shiga. Likitoci suka gane ciwon daga zuciya yake.

Sai ya ajiye muƙamin, ya rabar da mafi yawan dukiyarsa, ya nufi Dimashƙa da Ƙudus, ya yi aikin Hajji. A shekarun keɓewar nan ya rubuta Ihya'u Ulumid Din. Ya rasu a Tus a 1111.

Ka ga ke nan, mutum kan yi nisa da Allah alhali yana sahun gaba. To, kafin ka ɗora hoton Umararka a Facebook, tsaya ka duba niyyarka tukuna.