Grace Hopper, Sojan Ruwan Da Ta Nema Wa Manyan Kwamfutoci Harshe Guda

An haifi Grace Hopper a birnin New York na ƙasar Amurka ran 9 ga watan Disamba, 1906. Lissafi ta karanta, har ta sami digirin dakta a Jami'ar Yale cikin 1934, tana kuma koyarwa a kwalejin Vassar. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi tsanani, sai ta ajiye alli ta shiga sojan ruwa cikin 1943, aka tura ta Jami'ar Harvard wajen wani ƙaton injin lissafi mai suna Mark I, wanda tsawonsa ya kai ƙafa 51.

Cikin 1949 ta koma kamfanin da ya ƙera kwamfutar UNIVAC, kuma a nan ne ta ga abin da ke damun masu sayen waɗannan injuna. A wancan zamani kowane inji da harshensa, watau lambobi da alamun da ake ba shi umurni da su. Banki ko ma'aikatar da ta yi shekaru tana rubuta tsarin albashi da haraji cikin harshen inji guda ta zama akuya a turke ke nan, domin ran da ta sake inji sai an sake rubuta kome daga fari. Cikin 1952 Hopper ta shirya wani tafinta mai suna A-0, daga baya kuma ta fito da FLOW-MATIC, wanda ya sa akawu ya iya ba inji umurni da kalmomin Turanci. Da fari manyanta ba su yarda abin zai yiwu ba.

Su ma masu aiki da injunan ba su zauna ba. Cikin 1955 masu amfani da kwamfutocin IBM suka kafa ƙungiyar SHARE don musayar abin da kowa ya rubuta, cikin 1956 kuma masu harkar ciniki suka kafa GUIDE. Amma kowace ƙungiya injunan kamfani guda take bi. Mutanen Adamawa mazauna Ikko da Badun sun san kasuwar Jimeta, inda Bafillace da Bachama da Chamba da Ibo ke ciniki da Hausa ba tare da kowa ya bar harshen gidansu ba. To, irin wannan harshen kasuwa ne kwamfutoci suka rasa.

Cikin watan Mayu na 1959 aka tara kamfanoni da ma'aikatun gwamnati da masu amfani da injuna a Pentagon, hedkwatar tsaron Amurka, aka kafa kwamitin CODASYL, Hopper tana cikin masu ba shi shawara. Harshen da ya fito shi ne COBOL. Da yawa kan kira ta uwar COBOL, amma an ɗan zarce, gama wasu mutum shida ne suka zauna suka rubuta ƙa'idodinsa, cikinsu har da wata mata, Jean Sammet. Nata shi ne harsashin ginin da kuma nacin da ta yi. Cikin Disamba 1960 aka gwada tsari guda a kan injin UNIVAC da na RCA, ya yi aiki a duka biyun.

Ta yi ritaya cikin 1966, amma shekara na kewayowa aka sake kiran ta don ta daidaita COBOL ɗin sojan ruwa. Aikin wata shida aka ce, sai ga shi ba ta tuɓe kaki ɗungum ba sai 1986, tana da shekara 79 da muƙamin riya admiral. Ta rasu ran 1 ga Janairu, 1992, aka binne ta a maƙabartar soja ta Arlington. Shekara 28 bayan haka, cikin 2020, da annobar korona ta raba dubban mutane da aikinsu, gwamnan jihar New Jersey ya fito yana cigiyar waɗanda suka iya COBOL, domin injunan biyan marasa aiki na jihar da shi aka rubuta tsarinsu, kuma sun kasa ɗaukar yawan masu nema.