Hiram Berdan

Hiram Berdan (6 ga Satumba 1824 – 31 ga Maris 1893) injiniya ne kuma hafsan soja ɗan ƙasar Amurka. An fi saninsa da bindigar Berdan da kuma wani nau'in makunnin harsashi da ke ɗauke da sunansa, wanda masu tara tsofaffin harsasan soja ke dubawa wajen tantance su.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Phelps da ke jihar New York, ya kuma tashi a jihar Michigan. Tun kafin ya shiga soja ya yi arziki da ƙere-ƙere, ciki har da injin tace zinariya. Ya kuma yi suna a gasar harbi.

Aikin soja

Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, Berdan ya kafa runduna biyu ta gwanayen harbi a ɓangaren Arewa, aka ba shi muƙamin kanar. Ba a ɗaukar mutum sai ya harba harsashi goma a jere cikin da'ira mai faɗin inci 10 daga nisan yadi 200. Dakarun suna sanya koren kaki, kuma sun fafata a Gettysburg a 1863. Ya ajiye aiki a Janairun 1864.

Makunnin Berdan

A 1866 ya sami takardar mallakar fasahar makunninsa. Makunni shi ne ɗan ƙoƙon da ke tsakiyar gindin harsashi. Idan aka ja kunamar bindiga, wani tsinken ƙarfe yana bugunsa, sinadarin ciki ya matsu a kan wani ɗan tudu ya yi tartsatsi, albarushi ya kama.

A tsarin Berdan, tudun yana jikin kwanson harsashin, kuma wutar kan bi ta ƙananan ramuka biyu a gefensa. A tsarin Edward Boxer, hafsan sojan Birtaniya, tudun yana cikin ƙoƙon ne, ramin kuma ɗaya ne a tsakiya. Daga waje da wuya a bambanta su. Shi ya sa masu tarawa ke haska cikin kwanson da aka riga aka harba su ƙirga ramukan, sannan su karanta tambarin gindi don sanin masana'anta da shekara. Sojojin Turai sun fi rungumar tsarin Berdan, Amurka kuwa ta fi bin na Boxer.

Bindigar Berdan

Rasha ta karɓi samfurin farko na bindigarsa a 1868, kamfanin Colt ne ya ƙera shi. Samfuri na biyu ya biyo baya a 1870. Harsashinta, 10.75×58mmR, yana cikin na farko-farko masu kwanson tagulla mai siririn wuya kamar na kwalba da wata rundunar soja ta yi amfani da su. An yi yaƙin Rasha da Daular Usmaniyya na 1877 zuwa 1878 da ita, kafin bindigar Mosin-Nagant ta maye gurbinta daga 1891.

Mutuwa

Berdan ya mutu a birnin Washington yana da shekara 68. An binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington.