Nafata Sarkin Gobir: Shelar da ta tona tsoron fada

Duk lokacin da sabon shugaba ya hau karaga, jama'a kan kasa kunne su ji umurnin da zai fara bayarwa, domin daga nan ake gane inda ya sa gaba. Mun ga haka ranar 29 ga Mayu, 2023, sa'ad da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a jawabinsa na rantsuwa, kafin mako ya zagayo farashin lita ya ninka fiye da sau biyu. Amurkawa ma sun gani a Janairun 2025, da Donald Trump ya rattaba hannu kan tarin umurnin zartarwa tun ranar farko. Sai dai ni a ganina, irin wannan umurni ya fi nuna abin da shugaba ke tsoro fiye da abin da yake buri. Babu wanda ya fi cancanta a kafa hujja da shi a nan kamar Sarkin Gobir Nafata, wanda kufan birninsa, Alƙalawa, ke nan a yankin Sabon Birni, gefen Gulbin Rima.

Nafata ɗan gidan sarauta ne gaba da baya. Mahaifinsa Babari shi ne ya ci Birnin Zamfara wajen 1760, ya kuma kafa Alƙalawa a kan ƙasar da Zamfarawa suka taɓa bai wa Gobirawa masauki. Yayyensa sun riga shi hawa gadon, daga Ɗan Gudi zuwa Bawa Jan Gwarzo zuwa Yaƙuba, kuma yaƙi ne ya ci mafi yawansu. Yaƙuba a fagen daga ya faɗi, a Kiyawa. Saboda haka lokacin da sarauta ta iso ga Nafata, ya tarar da ƙasa mai faɗi amma a gajiye: Katsina na gabas da takobi a zare, Zamfarawa ba su taɓa yafe cin birninsu ba, Azbinawa kuwa a arewa ba a sakin jiki da su.

Ya kuma gaji wani abu da ya fi waɗannan nauyi, wato alƙawarin Magami. Idan mai karatu bai manta ba, a Babbar Sallar 1788 Bawa ya tara malamai a Magami, ya yi masu kyauta, Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi. A madadinta ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince da duka. Bawa tsoho ne a lokacin, ga kwarjini, ga tabbacin cewa babu malamin da zai girgiza masa gado, don haka kyautar ba ta ɗaga masa hankali ba. Ƙaninsa ne ya zo ya biya kuɗinta.

Kafin Nafata ya zauna daram, Jama'ar Shehu a Degel ta zama kamar wata ƙasa a cikin ƙasa, da alƙalanta da ɗalibanta, har an fara kwaɗaitar da mabiya su tanadi makamai. Sai Sarki ya sa aka yi shela a kasuwa da dokoki uku, kamar yadda Muhammadu Bello ya kawo a littafinsa Infaƙul Maisuri. Kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu shi kaɗai. Wanda bai gaji Musulunci daga mahaifinsa ba ya koma addinin iyayensa. Kada namiji ya ƙara naɗa rawani, kada mace ta ƙara yin lulluɓi.

Dokar farko ita ta fi ba ni mamaki, kuma a kanta nake so a tsaya. Me ya sa aka ware Shehu? Ai shi ne tushen abin da ake son kashewa. An ware shi ne saboda fada ba ta da ƙarfin taɓa shi, kuma da bakinta ta shelanta wa 'yan kasuwa haka. Duk talakan da ya ji sanƙira a ranar ya koma gida da sanin cewa akwai mutum guda a Gobir wanda dokar Sarki ke kewaye wa. An so a sare rassa a bar kututture, alhali kuwa rassan nan, wato Abdullahi ƙanin Shehu da sauran almajirai da ke yawon ƙauyuka da rugage, sun riga sun kai saƙon inda aka aike su.

Dokar ta biyu ba ta addini ba ce zalla. Wanda ya shiga Jama'a yakan fara tambayar halaccin jangali da kuɗin ƙasa, yakan ƙi fita yaƙi a ƙarƙashin tutar Sarki, kuma a shari'a ba a bautar da shi. Ashe kowane sabon tuba ragi ne a baitulmali da rundunar mayaƙa. Ta uku kuwa ta mayar da tufafi shaidar ɓangare. Da can rawani ado ne da alamar ilimi, daga ranar shela ya zama ƙuri'a, duk wanda ya fito da shi ya faɗi inda yake ba tare da ya buɗe baki ba.

Ya kamata a yi wa Nafata adalci. Kusan duk abin da aka rubuta game da shi ya fito ne daga alƙaluman waɗanda suka ci ƙasarsa da yaƙi, kuma Bagobirin Sabon Birni ko na Tsibiri ba lallai ya ba da labarin yadda Basakkwace zai ba da shi ba. Sarautar Gobir ta ginu ne kan sulhu tsakanin masallaci da al'adun gargajiya irin na Innar Gobir, Jama'a kuwa ba ta yarda da wannan sulhu ba. Sarkin da ya ga haka ya yi shiru, masu zaɓen sarki ba za su ƙyale shi ba. Laifin Nafata a wurina na lissafi ne: ya kafa dokar da ba ya da dogarawan da za su tsare ta. Mutanen yankin sun sake ɗanɗana irin wannan a Satumbar 2021, da gwamnatin Jihar Sakkwato ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya. Mai bin doka ya rasa kasuwa da hanyar neman agaji, amma a Disambar shekarar 'yan bindiga suka ƙona motar matafiya da ta taso daga Sabon Birni.

Sakamakon shelar bai jima ba ya bayyana. Malam Abdussalami ya kwashe mutanensa ya koma Gimbana a ƙasar Kabi, hijirar da ta riga ta Shehu. Nafata bai ga ƙarshen al'amarin ba, ya rasu wajen 1803, ɗansa Yunfa ya gaje shi, wanda ruwaya ke cewa ya taɓa karatu a gaban Shehu. Yunfa ya ɗauki dokokin mahaifinsa ya sa masu haƙora, ya tura runduna ta auka wa Gimbana. A Fabrairun 1804 Shehu ya bar Degel zuwa Gudu, a Yunin shekarar aka gwabza a Tafkin Kwatto, a Oktoban 1808 Alƙalawa ta faɗi, Yunfa ya mutu yana kare ta.

Gobirawan da suka tsira sun ci gaba da gwagwarmaya har zuwa yaƙin Gawakuke a 1836, daga nan suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar ta yau. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 wani ɗan sarki, Ɗan Halima, ya ɓalle daga Tsibiri ya dawo kwarin Rima ya gina Sabon Birni, ba nisa da kufan birnin kakanninsa.