Feliks Ebuwe, gwamnan da ya buɗe wa jiragen yaƙi filin Fort Lami

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa hawa jirgi a Njamena, ko zuwa aikin hajji ko sarin kaya, ya taka filin da ya yi suna tun zamanin yaƙin Hitila, lokacin ana kiran garin Fort Lami. Wanda ya jawo wa filin wannan suna kuwa shi ne Feliks Ebuwe, gwamnan Cadi na wancan lokaci.

An haifi Ebuwe a Kayen, babban birnin Giyana ta Faransa da ke Kudancin Amurka, ranar 26 ga Disamba 1884. Baƙar fata ne, jikan bayi. Ya yi karatu a Bordo, sannan ya shiga makarantar horar da jami'an mulkin mallaka a Paris. Ya shafe fiye da shekara 20 yana aiki a Ubangi-Shari, wato Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta yau, inda ya koyi harsunan mutanen ƙasar. A 1936 aka naɗa shi gwamnan tsibirin Gwadalup, daga nan aka turo shi Cadi, ya iso a farkon 1939.

A watan Yuni 1940 Jamus ta ci Faransa da yaƙi. Gwamnatin Bishi ta miƙa wuya, shi kuwa Janar De Gol ya tsere Landan yana kira a ci gaba da faɗa. Kowane gwamna sai da ya zaɓi gefe. Ebuwe ya san Cadi ba ta da teku, kuma cinikinta ya dogara ƙwarai da hanyar Najeriya da ke hannun Ingila. Ranar 26 ga Agusta 1940 ya bayyana cewa Cadi ta bi De Gol. Gwamnatin Bishi ta tsige shi, ta yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa. Nijar kuwa ta zauna ƙarƙashin Bishi har ƙarshen 1942, aka tsananta tsaro a iyakarta da Najeriya, fatake suka sha wuya.

Wannan mataki ya buɗe wa Ingila sararin samaniyar Cadi. Ana kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a harhaɗa su, su tashi ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lami, Fashir da Hartum, har Alƙahira. Dubban jirage suka bi wannan hanya zuwa fagen fama a Arewacin Afirka. Abin ya dami Jamusawa, har a watan Janairu 1942 wani jirginsu ya ratso Sahara daga Libiya, ya jefa bama-bamai a filin, ya ƙona ma'ajiyar mai.

A Nuwamba 1940 De Gol ya ɗaga Ebuwe zuwa gwamna janar, ya koma Barazabil. Ya nemi a girmama sarakunan gargajiya, a kuma ba ƴan ƙasa muƙamai. Amma ba a manta ba cewa shi ma'aikacin mulkin mallaka ne. A zamaninsa talakawa sun yi aikin tilas na gina hanyoyi, da noman auduga da tsagar roba, an kuma kwashi samari zuwa soja. Su ne suka ɗauki nauyin yaƙin a kansu.

Bayan taron Barazabil na farkon 1944, ya tafi hutu Masar, rai ya yi halinsa a Alƙahira ranar 17 ga Mayu 1944, bai ga ƙarshen yaƙin ba. A 1949 aka mai da gawarsa Pantewon a Paris, makwancin manyan mutanen Faransa.

Fort Lami ta koma Njamena a 1973, filin kuma ya zama babbar tashar jiragen fasinja ta ƙasar, mai sunan Hasan Jamus. Sojojin Faransa da suka daɗe a gefensa sun tattara nasu ya nasu a Janairu 2025. Can a Kayen ma akwai filin da Amurkawa suka gina a 1943 saboda yaƙi, wanda ya koma na fasinja. A 2012 aka sa masa sunan Feliks Ebuwe.